Man gyaɗa, man dogon yaro da bayodizal a injin gas: amsoshin tambayoyin masu injuna a Sakkwato

Tun da litar gas, wato man dizal, ta haura naira dubu, da wuya ka zauna da mai injin niƙa, ko mai casar shinkafa a Wurno, ko direban tifa mai ɗaukar yashi daga bakin gulbi, maganar nan ba ta taso ba. Wani ya gani a waya an ɗura wa mota man suya ta tashi, wani kuma an ba shi labarin ƙauyen da ke samun wuta da man bini da zugu. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsoshinsu.

Wai da gaske ne injin gas na iya tashi da man gyaɗa?

Da gaske ne, kuma abin ya girmi kakanninmu. A baje kolin duniya da aka yi a birnin Faris a 1900, wani kamfanin Faransa mai suna Otto ya nuna ƙaramin injin dizal yana aiki da man gyaɗa zalla, wato man gujiya kamar yadda muke faɗi a nan. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, don tana hangen ƙasashen Afirka da ta mallaka, inda gyaɗa ke yabanya amma kai man fetur can sai an sha wuya. Shi kansa Bajamushen da ya ƙirƙiro injin, Rudolf Diesel, ya yi ta ba da labarin gwajin daga baya.

Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne injin gas ba ya da fulogi. Iska yake matsewa har ta ɗauki zafi sama da digiri 500, sannan nozul ya feso mai a cikinta, man ya kama da kansa. Kusan duk mai maiƙon da aka fesa cikin wannan zafin zai ci wuta.

To me ya hana in sayo jarka in ɗura kawai?

Kauri. Man gyaɗa, man waken suya da man angurya sun fi gas kauri sau 10 ko fiye. An ƙera nozul ne ya watsa gas kamar hazon hunturu, kowane ɗigo ya samu iska ya ƙone ƙurmus. In ka ba shi mai kauri, maimakon hazo sai ya riƙa tofo shi guda-guda. Wani ya ƙone, wani ya daskare a bakin nozul, wani ya sauka ya liƙe ringi, wani kuma ya zarce ƙasa ya gauraya da baƙin mai. Na ƙarshen nan shi ne mugun. Gas in ya faɗa cikin baƙin mai, zafin inji na iya korar mafi yawansa. Man shuka kuwa zama yake, yana dahuwa kullum, har baƙin man ya koma kamar ɗanko ya kasa bi ta hanyoyinsa.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ba a rana ɗaya ɓarnar ke fitowa ba. Inji zai tashi, har ma ƙararsa ta yi laushi, salansa na ƙamshin ƙosai, mai shi ya tara jama'a yana nuna musu.

Na taɓa tsayawa a kan wani bakanike a wajen gari yana kwance injin niƙan wani dattijo. Ya ciro nozul ya ɗaga shi a rana, bakinsa ya yi baƙin ƙanzo irin na gindin tukunya, sai da ya sa reza yana kankarewa. Ya zaro geji ya shafa a yatsa biyu, da ya buɗe yatsun sai man ya yi zare. Ya ce, "Baba, mi kaz zuba ma injin ga?" Dattijon ya ce, "Ɗana, man suya na, araha nis same shi, kuma wata huɗu yana aiki lafiya lau." Kuɗin ringi, nozul da aikin hannu sun cinye duk abin da ya rage a watannin huɗu, har da ciko.

Alamar da za ka riƙe ita ce, in ka ga baƙin mai na hawa a geji maimakon ya ragu, to man tanki ne ke sauka cikinsa.

Ai Sakkwato ce, zafinmu bai isa ya tsinka man ba?

Yana taimakawa, amma bai isa ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke kai digiri 43 zuwa 45, man gyaɗa a tanki har yanzu ya ninka gas kauri sau da yawa. Sai an kai shi digiri 70 ko 80 yake matsowa kusa, kuma ko a nan bai kamo gas ba. Sannan kada a manta da asubar Janairu. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kwalbar man gyaɗa da safe a hunturu ya ga yadda yake yin gajimare yana barci. Manja da man kaɗe kuwa daskarewa suke yi gaba ɗaya.

Mene ne bayodizal, kuma da me ya bambanta da ɗanyen mai?

Ɗanyen mai shi ne wanda aka tatso aka tace, shi ke nan. Bayodizal kuwa an canza masa halitta. A cikin kowane man shuka akwai giliserin, shi ke riƙe da sassan man uku-uku, shi ya sa yake da nauyin gudu. Idan aka haɗa man da sinadarin metanol da ɗan kostik soda, sai giliserin ya saki ya kwanta ƙasa, abin da ya taso sama ya tsinke har ya kusa gas. Wani malamin jami'a a Beljiyam mai suna Chavanne ya yi rajistar irin wannan dabara a 1937 da manja, kuma a 1938 wata bas ta yi jigila da man tsakanin Burasels da Luben.

Lambobin da za ka gani suna nuna yawan haɗi ne. B5 na nufin kashi 5 cikin 100 bayodizal ne, sauran gas. B20 kashi 20 ke nan, B100 kuma zalla. Gas ɗin da ake sayarwa a gidajen mai na Turai na iya ɗauke da har kashi 7, saboda haka yawancin motocin gas da ake shigo mana da su daga can sun riga sun sha shi.

Wane inji ne ke jure ɗanyen mai, wane ne ba ya jurewa?

Tsofaffin injuna masu tafiyar hawainiya, irin Lister mai babbar ƙafa da kwafinsa na Indiya da ke shagunan niƙa, su suka fi haƙuri. Gudunsu kaɗan ne, mai na samun lokacin ƙonewa, famfonsu na tura mai ba ya da laulayi, kuma ko wani abu ya taru bakanike na iya buɗewa ya wanke da la'asar ɗaya. Bayansu sai tsofaffin motoci masu ɗan ɗakin ƙona mai a gefen silinda, kamar Marsandi ta shekarun 1980.

Sababbin motoci da manyan janareto masu kwamfuta, waɗanda ake kira kwaman-rel, kada ma ka gwada. Suna tura mai da matsin da ya ninka na tsohon inji sau da yawa, ta ƙofofin da ba su fi gashin kai kauri ba, kuma kuɗin injekta ɗaya, wato abin da ke feso man, ya isa ya saya maka gas na watanni. Irin waɗannan bayodizal mai inganci kawai za su sha, shi ma gwargwadon abin da littafin injin ya yarda.

Injin ban-ruwana fa, ko ƙaramin janaretan gida?

Duba tukuna. Yawancin injunan da ke fadamun Kware, Wurno da Goronyo na fetur ne, haka ma ƙananan janareto, babura da Keke. Duk injin da ke da fulogi ba ruwansa da wannan zance. Ba man gyaɗa, ba bayodizal.

Na ji ana maganar tanki biyu. Yaya abin yake?

Ita ce hanyar da masu amfani da ɗanyen mai da gaske suke bi. Ƙaramin tanki na gas, babba na man shuka, da makunni mai sauya layi. Za ka tayar da inji da gas. In ya yi zafi sosai sai ka juya zuwa man shuka, wanda aka bi da layinsa ta jikin tiyon ruwan zafi na lagireto don ya ɗumama kafin ya isa famfo. Saura minti biyar ko goma ka kashe, sai ka mayar da shi kan gas ya wanke layi da nozul, don kada man ya kwana a ciki.

Sharuɗɗa biyu ne ke biye da wannan. Na farko, inji ya kasance yana ɗauke da kaya, domin wanda aka bari yana sulo ba aiki ba ya yin zafin da zai ƙone man tas. Na biyu, a rage tazarar sabis. In da kana juye baƙin mai bayan awa 200, mayar da shi 100. Wanda ya san yaron shagonsa ba zai tuna ya juya makunnin nan kowane dare ba, gara ya haƙura da dabarar baki ɗaya.

In na gauraya kaɗan da gas fa?

Kashi ɗaya na tataccen mai cikin goma, a tsohon inji, a lokacin zafi, da wuya ya kawo matsala da wuri. Amma abin da ka rage ma bai taka kara ya karya ba. Da ka wuce kashi biyu cikin goma, matsalolin da muka lissafa sun dawo, sai dai a hankali. Masu tsinka shi da fetur suna wasa da wuta ne, kuma suna ɓata famfo.

Wane mai ya fi dacewa da mu a nan?

A nan ne lissafi ke shigowa, kuma a ganina a nan ya kamata kowa ya fara. Je Tsohuwar Kasuwa ka tambayi kuɗin litar man gyaɗa, ka biya gidan mai ka tambayi na gas. Man gyaɗa ya fi tsada, da nisa ma. Haka man riɗi, haka manja da ake kawowa daga kudu. Duk man da ke shiga tukunya, tukunya ta riga inji sayensa, kuma ni ban ga kyan a ƙona abin miya a salansa ba alhali magidanta na auna shi da ludayi. Saura waɗanda ba a ci.

Dogon yaro shi ne wanda muke da shi a ƙofar gida. Tituna, makarantu da maƙabartu cike suke da shi, ƙwallonsa na zuba da damina awaki na tattakawa. Ƙwayar cikinsa kusan kashi 40 cikin 100 mai ce. Aibinsa wari, da yawan tsami a jikin man, wanda ke sa yin bayodizal da shi sai an bi mataki biyu. Tsinta da ɓarewa ma aiki ne mai cin lokaci, kuma masu sabulu da masu maganin ƙwari suna son man, saboda haka shi ma ba kyauta ba ne. Tunkuzarsa taki ce mai kyau.

Bini da zugu shi aka fi yi wa kirari. A wajajen 2007 duniya ta ɗauka cewa zai fito a kowane fako ya ba da mai, kamfanoni suka kama manyan filaye a Afirka da Indiya, mafi yawansu suka durƙushe. Itacen na rayuwa a fari, gaskiya ne, amma rayuwa daban, 'ya'ya daban. Yana sakin 'ya'ya sosai ne inda ruwan shekara ya kai milimita 1,000 ko fiye, mu kuwa namu na yawo ne tsakanin 600 da 700. Garalo, garin da ya yi suna a Mali saboda injunan wutar da aka shirya su sha wannan mai, a kudancin ƙasar yake, inda ruwa ya fi namu. Lita ɗaya na cin kilo 4 zuwa 5 na ƙwaya. Inda yake da amfani a wurinmu shi ne yadda iyayenmu suka san shi, wato shinge a gefen gona da garka, tunda dabba ba ta cinsa. Abin da aka tsinta a shingen riba ce. Amma a hana wa gona gero a shuka shi, ban ba kowa wannan shawara ba. Ƙwayar guba ce, tunkuzarta ma haka, kada a kuskura a zuba wa jajayen awakin nan namu, kuma a ja wa yara kunne don tana da daɗin baki.

Zurma ta fi kowane mai kauri, ko an mayar da ita bayodizal sai an tsinka da gas mai yawa. Aduwa na da mai mai kyau, sai dai fasa ƙwallonta kaɗai ya isa ya kore ka. Man angurya ya yi, in ana samunsa da sauƙi daga wajen Gusau da Funtuwa.

Man da aka gama suya da shi fa?

A Turai da Amurka shi ne abin nema, don dole gidajen abinci su zubar. A nan kuwa mai ƙosai ko mai awara ba ta zubar da mai, ƙari take yi a kai har ya ƙare. Sai manyan otal da masu soya kaji da yawa za ka samu wani abin kirki.

In ka samu, akwai ruwa, gishiri da ɓurɓushi a cikinsa. Bar shi ya kwanta mako biyu, ka tsiyaye na sama, ka ɗumama, ka tace da ƙyalle mai kauri, sannan da filtar gas. Gwajin ruwa a gida yake. Ɗora kasko ya yi zafi, ɗiga cokali ɗaya. In ya yi tsartsatsi yana ƙara, da sauran ruwa, kuma ruwa shi ke cinye famfo. Man da ya yi baƙi ƙirin yana warin ɗaci ya yi tsami da yawa, sabulu ya fi dacewa da shi.

Zan iya haɗa bayodizal da kaina?

Haɗin ba wuya, illarsa ce babba. A sabon mai, kowace lita na buƙatar kimanin mililita 200 na metanol da giram 3.5 na kostik soda. Ana narka sodar a metanol, a zuba cikin man da ke wajen digiri 55, a yi ta juyawa awa ɗaya a rufe, a bar shi ya kwana. Da safe za ka tarar da hawa biyu, giliserin mai duhu a ƙasa, kusan kashi ɗaya cikin goma, bayodizal a sama. Sai a raba, a wanke shi da ruwa sau da yawa a hankali har ruwan ya fito garau, a busar. Tsohon mai da na dogon yaro suna buƙatar a auna tsaminsu tukuna, in ba haka ba ka wayi gari da durom cike da sabulu mai yauƙi.

Metanol guba ce mai makantarwa. Cokali biyu na iya tafiya da ido, abin da bai kai rabin kofin shayi ba na iya kisa, kuma tana shiga ta fata da numfashi. Tana tafasa a digiri 65, wutarta kuma da rana ba a ganin harshenta. Kostik soda na cin tukunyar alminiyam. Ba aikin tsakar gida ba ne inda yara ke wasa kuma murhu na ci. In za a yi, ƙungiyar masu injuna ta haɗu ta ware wuri a fili, ta ɗauki wanda ya karanci kimiyyar sinadarai. Kuma a sa kuɗin metanol a lissafi tun farko, don shigo da ita ake yi.

In wani ya kawo mini na sayarwa, yaya zan gane mai kyau ne?

Zuba a farar kwalba ka ɗaga, ya kamata ka hangi yatsanka ta bayanta. Sannan haɗa shi da ruwa rabi da rabi a gora, ka girgiza, ka ajiye. Mai kyau zai rabu cikin rabin awa, layin tsakani ya fito sarai. In ya zama kamar kindirmo, akwai sabulu ko ba a gama haɗin ba. Mai metanol a hannu na iya zuba mililita 3 cikin mililita 27 na metanol. In ya narke duka haɗin ya nuna, in ɗigo ya kwanta ƙasa akwai ɗanyen mai. Waɗannan na fitar da mummuna ne kawai. Tabbatar da ingancin da sabuwar mota ke so sai ɗakin gwaji.

Na zuba bayodizal, kwana uku filta ta toshe. An cuce ni?

Wataƙila a'a. Bayodizal wanki yake yi, duk dattin da gas ya tara a tanki shekara da shekaru sai ya ɓamɓaro shi ya kai filta. Riƙe filta biyu a mota a makonnin farko. Ka kuma riƙa shafa tiyon mai, don zalla na jiƙa robar tsofaffin injuna har ta kumbura ta fara zufa. In ya zuba a fenti, goge nan take.

Ƙarfin inji zai ragu? Hayaƙi fa?

Litar B100 na ɗauke da ƙarfin da ya gaza na gas da kusan kashi 8 cikin 100, saboda haka za ka ɗan ƙara shan mai. A B20 da wuya ka lura. Baƙin hayaƙi na raguwa, kusan babu farar wuta a cikinsa, kuma yana ƙara wa famfo santsi. Amma ƙamshin suya kada ya ruɗe ka, hayaƙinsa a rufaffen ɗaki na kisa kamar na gas.

Me gwamnati ke yi a kai?

A 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar man shuka, da burin gauraya kashi 10 na itanol, sinadarin da ake samu daga irin su rake da rogo, a fetur da kashi 20 na bayodizal a gas. Har yau dai ba ka shiga gidan mai a Sakkwato ka ce a ba ka B20. Indunusiya, da ta dogara da manjanta, ta tilasta B30 a 2020, B35 a 2023, ta kai B40 a 2025. A gida muna da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1982. Ƙungiyar da ke son gwadawa, can ya kamata ta fara kai tambayarta kafin ta sayi durom ko ɗaya.

Har tsawon wane lokaci zan iya ajiye bayodizal?

Wata shida ake faɗa, a zafinmu kuwa ka ɗauka uku. Zafi, iska da haske na sa shi tsami ya yi danƙo. Sa shi a jarkar roba mai kauri ko durom na ƙarfe, a cike, a rufe, a inuwa. Ka nisanta shi da jan ƙarfe, tagulla da tankin da aka yi wa ruwan zinki, don suna gaggauta lalacewarsa. Yana jan laima, saboda haka da damina ka riƙa buɗe ƙasan tanki kana zubar da ruwan da ya taru. Injin casar da zai kwanta daga ƙarshen kaka har sabuwar shinkafa ta shigo, a ƙona masa gas zalla na rabin awa kafin a rufe shi.